Ɗan Hakin da Ka Raina: Rikicin Furen Tiehm da Masu Haƙar Litiyam a Nevada

A yammacin jihar Nevada ta Amurka, kusan tsakiyar hanya tsakanin Reno da Las Vegas, akwai wata gunduma da ake kira Esmeralda. Faɗinta ya kusa rabin jihar Kano, amma da aka yi ƙidayar 2020 mutum 729 kacal aka samu a cikinta. Sauran duk duwatsu ne da hamada da iska. A jerin duwatsun Silver Peak da ke gundumar akwai wani tudu mai suna Rhyolite Ridge, wanda gefensa ke da wata farar ƙasa sai ka ce an zazzage buhunan toka ko garin kanwa. Yawancin tsirrai ba sa shiri da wannan ƙasa. Ɗaya ne ya mai da ita gida, kuma duk faɗin duniya ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai a nan.

In ka je wurin a lokacin sanyi, ƙila ka taka shi ba ka sani ba. Ƙaramin dunƙule ne da ke kwanciya a ƙasa, faɗinsa bai fi na faifai ba, ganyensa ƙanana masu ruwan toka, lulluɓe da ɗan gashi mai laushi wanda ke rage masa zafin rana da asarar ruwa. Sai watan Mayu zuwa Yuni yake nuna kansa. A lokacin ne yake miƙo wasu siraran karare marasa ganye, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba, kowanne da ƙwallon fure ruwan ɗorawa mai haske a kansa, wanda ke komawa ja-ja idan ya tsufa. Duk filin da yake tsiro a kai, in an haɗa shi wuri guda, eka 10 ne, wato kimanin hekta 4. Filin ƙwallo shida ya fi shi. A warwatse yake cikin 'yan gungu takwas, a tsayin da ya kai kimanin mita 1,800 daga matakin teku.

Sunansa a wurin masana Eriogonum tiehmii. Amurkawa kuma suna kiran danginsa da sunan buckwheat na daji, abin da kan ruɗa mutane, don akwai wani hatsi mai wannan suna da Rashawa ke yin fate da shi, Japanawa kuma su yi taliya. Dangi ne na nesa kawai. Wannan na Nevada ba a cinsa, ba a sayar da shi, ba a san shi da wani magani ba. Wani masanin tsirrai mai suna Arnold Tiehm ne ya tsince shi a 1983 yana yawon tattara samfuri a dajin Nevada. Ya aika wa James Reveal, wanda ya ƙware a kan wannan dangi mai nau'i kusan 250, shi kuma ya tabbatar sabon abu ne, ya raɗa masa sunan mai tsintuwar a 1985. Daga nan furen ya koma zaman kaɗaici. Shekara talatin ba wanda ya damu da shi sai 'yan tsirarun masana da ƙudan zuma.

Abin da ya jawo masa ido shi ne ƙasar da yake kai. Miliyoyin shekaru da suka wuce wurin tafki ne a yankin da duwatsu ke aman wuta. Toka da ruwan zafi suka riƙa zuba a ciki, laka ta kwanta, ta tara ma'adinai biyu masu yawa: litiyam da boron. Daga baya ƙasa ta motsa, tafkin ya ƙafe, zaizaya ta tono wannan laka ta fito da ita fili. Ita ce farar ƙasar nan. Boron idan ya yi yawa guba ne ga yawancin tsirrai, shi ya sa wurin ya zama kamar sanƙo a tsakiyar daji. Irin waɗannan tsirrai na ƙasa mai wuya galibi ba wai ma'adinin suke ci ba, jure shi suke yi, sai su sami fili inda manyan ciyayi ba za su iya bin su su danne su ba. To ka ga matsalar tun daga tushe. Inda furen yake, nan arzikin ya fito kusa da sama. Da za a zana taswirar furen a zana ta ma'adinin, da wuya ka raba su.

A 2016 wani kamfanin Ostireliya, wanda daga baya ya koma suna Ioneer, ya shigo wurin. Filin na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar kula da filaye da ake kira BLM. Akwai kuma wata tsohuwar doka ta 1872, tun zamanin da ake rububin zinariya da azurfa a yammacin Amurka, wadda ta ba kowa damar kafa alama a filin gwamnati ya ce ma'adinin da ke ƙasa nasa ne, ba tare da ya biya gwamnatin tarayya kaso daga abin da ya haƙo ba. Har yau da ita ake aiki. Lissafin kamfanin ya nuna zai iya fitar da sama da tan 20,000 na sinadarin litiyam a shekara, wanda ya ce ya isa batirin motocin lantarki kimanin 370,000, ga kuma kusan tan 170,000 na sinadarin boron, wanda ake amfani da shi wajen yin gilashi da tangaran da takin zamani. Boron ɗin nan shi ne sirrin ribar, domin kuɗinsa na rage tsadar fitar da litiyam ɗin. Ford ta sa hannu za ta saya, haka ma wani kamfanin haɗin gwiwa na Toyota da Panasonic.

Ya kamata a yi wa masu goyon bayan haƙar adalci, don hujjarsu ba ta banza ba ce. A wancan lokaci wuri ɗaya tak ake samar da litiyam a duk Amurka, a Silver Peak, can bayan wannan tudu, inda tun shekarun 1960 ake zuƙo ruwan gishiri daga ƙasa a shanya shi a manyan tafkuna. Fiye da rabin litiyam ɗin duniya a Sin ake tace shi. Gwamnatin Joe Biden ta ɗora siyasarta a kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma dokar da ta yi a Agustan 2022 ta ba mai sayen motar lantarki rangwamen haraji har dala 7,500, da sharaɗin wani kaso na ma'adinan batirin ya fito daga Amurka ko ƙasashen da take da yarjejeniyar ciniki da su. Sannan a gundumar da ba ta kai mutum dubu ba, alkawarin aikin yi 500 lokacin gini da 350 bayan an fara haƙa ba ƙaramin abu ba ne. Suna kuma da wata magana mai nauyi: idan duniya ta ci gaba da ɗumama, fari zai kashe furen nan ko da ba a taɓa shi ba.

Wannan ne ya sa rikicin ya bambanta da wanda aka saba gani tsakanin masu kare muhalli da kamfanonin mai. A nan kowane ɓangare da sunan muhalli yake rantsuwa.

A Oktoban 2019 wata ƙungiya mai suna Center for Biological Diversity ta kai koke ga hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka, tana neman a sa furen cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Mutum biyu ne suka fi ɗaukar maganar a ka: Patrick Donnelly, jami'in ƙungiyar a yankin, da Naomi Fraga, masaniyar tsirrai daga Kaliforniya. Makaminsu wata doka ce da Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a Disamban 1973. Ƙarfin dokar yana cikin sashe na 7, wanda ya hana kowace hukumar tarayya ba da izini ko kuɗi ga aikin da zai jefa rayuwar halittar da ke cikin jerin cikin haɗari, ko ya lalata mazauninta na dole. Dokar ba ta tambaya ko halittar tana da amfani. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tsayar da wata madatsar ruwa da aka kusa gamawa a Tennessee saboda wani ɗan kifi da bai kai yatsa ba, sai da majalisa ta yi wa madatsar doka ta musamman kafin aka ƙarasa ta. Tsirrai ba su da kariya mai ƙarfi irin ta dabbobi idan suna filin wani mutum, amma furen Tiehm gaba ɗayansa a filin gwamnati yake. Don haka dokar ta hau kansa sosai.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga wani abu da ba wanda ya zata. A farkon Satumban 2020 aka je wurin aka tarar da ramuka, dubbai. Inda da akwai dunƙulen fure, yanzu ɗan rami ne da tulin farar ƙasa a gefe. Wasu tsirran an tumɓuke su an yar, saiwar a gutsure, ganyen ya bushe a rana. Wasu babu su babu alamarsu. Donnelly da Fraga suka je suka duba, suka ce aikin mutane ne da shebur, suka nuna yadda bakin ramukan yake a gyare da sawun ƙafa a wurin. Ƙungiyar ta ƙiyasta asarar da tsiro har 17,000. Ba ta ce kamfanin ne ya yi ba, kamfanin ma ya nesanta kansa, amma ka san yadda zuciya take: wanda ke da riba a mutuwar abu shi ake fara kallo.

Hukumar namun daji ta ɗebi saiwoyin da aka gutsura da ƙasa da kashin dabbobi aka kai ɗakin gwaji. Sakamakon da ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna ƙwayoyin halittar wani ƙaramin kurege mai farin bindi a jikin saiwoyin. Bayaninta shi ne an yi mummunan fari da zafi a 2020, dabbobin suka rasa ruwa, suka koma tonon saiwa don ɗan danshin da ke ciki. Bahaushe dai ba zai yi mamakin a ce kurege ne ya yi ɓarna ya bar wasu da zargi ba, haka muka san shi tun a tatsuniya. Masu kare furen ba su gamsu ba. Suka ce samun yawun kurege a jikin saiwa bai nuna shi ya tone ta ba, yana iya zuwa bayan an tone ya ci rabonsa. Har yau kowa na kan bakansa.

Ni a ganina, gardamar waye ya yi ta ɗauke hankali daga abin da ya fi muhimmanci. A 2019 an ƙiyasta tsirran sun kusa 44,000. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka ƙirga a 2021, masu rai ba su kai 16,000 ba. Ko shebur ne ko haƙorin kurege, cikin 'yan makonni fiye da rabin wata halitta ya tafi. Wanda duk dukiyarsa ke cikin rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. Hukumar ta yi lissafi ta ce idan aka haɗa wannan asara da abin da tsarin haƙar na farko zai cinye, kashi 70 zuwa 88 cikin ɗari na furen zai ɓace. Bayan kotu ta matsa mata ta daina jan ƙafa, ta amince a 2021 cewa furen ya cancanci kariya. A Disamban 2022 aka sa shi a jerin, aka kuma keɓe masa eka 910 a matsayin mazaunin dole.

Me ya sa eka 910 alhali furen eka 10 yake kai? Saboda ƙwari. Furen ya dogara ga ƙudan zuman daji da ƙudaje da zanzaro da malam-buɗe-littafi su ɗauki garin fure daga wannan su kai wa wancan kafin ya ba da iri sosai. Su kuwa waɗannan ƙwari ba a kan furen suke kwana ba. Wasu a ramin ƙasa suke gida, wasu a busasshen kara, kuma idan furen Tiehm ya gama nasa a Yuni, dole su sami wasu furanni da za su ci har shekara ta zagayo. Shi ya sa aka auna mita 500 daga kowane gungu aka zagaye. Manomin da ya taɓa ajiye amya kusa da gonarsa ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Tun kafin a kai nan, amsar kamfanin ita ce dashe. A ɗebe furen a kai shi wani wuri mai kama da nan, a haƙa ma'adinin, kowa ya huta. Ya ba Jami'ar Nevada da ke Reno kuɗi ta gwada, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Elizabeth Leger. Aka raini 'ya'yan furen a gidan rainon tsirrai, aka gwada su a ƙasa iri-iri, aka dasa wasu a wuraren da ba sa fitowa da kansu. Abin da ya fito bai yi wa kamfanin daɗi ba. Binciken ya nuna furen ɗan ƙasarsa ne, yana da irin ƙasar da ya saba da ita, kuma ba a sami wani fili da babu shi wanda ya dace da shi a kowane mataki, daga tsirowar iri har girma, ba. Waɗanda aka dasa a daji kuwa, ƙananan dabbobi suka cinye su cikin ɗan lokaci a wannan bazarar ta 2020.

Kamfanin bai yarda da fassarar ba. Ya ce furen na girma lafiya a ƙasar tukunya, ya gina gidan raino na musamman a garin Gardnerville da ke Nevada, ya tara dubban iri, ya ɗauki masana aiki, ya kashe miliyoyin daloli. Kuma gaskiya ne, furen na girma a tukunya. Amma wannan ba ita ce tambayar ba, kuma a nan nake ganin duk rikicin ya tattaru. Shinkafa ma za ta yi a jigawa idan kana tsaye a kanta da bokiti safe da yamma, kana cire mata ciyawa, kana korar tsuntsu. Ranar da ka yi tafiya, ranar za ka san fadama ce gidanta. A tukunya ba kurege, ba fari, ba ciyawar da za ta danne shi, ga mai ban ruwa da albashi. Abin da ya sa furen Tiehm ya zama furen Tiehm shi ne ya iya rayuwa a wurin da ya gagari saura, ya yi iri, irin ya faɗi, ya tsiro ba da hannun kowa ba. Idan wannan ya tafi, abin da ya rage a gidan raino ajiya ce, mai kyau kuwa, ya kamata a yi ta don ranar tsautsayi. Amma ajiyar tana rayuwa ne muddin mai biyan kuɗin lantarki da ruwa yana raye. Ramin haƙa shekara ashirin da 'yan kai aka ba shi izini. Furen ya yi dubban shekaru a tudun nan ba wanda ya biya masa ko sisi.

Da dashe ya ƙi karɓuwa, sai kamfanin ya sake zane. Ya karkata ramin da wuraren zubar da ƙasa yadda ba za a tumɓuke gungun furen kai tsaye ba. Wannan nasara ce ta dokar 1973, kuma duk mai cewa sa furen a jerin bai tsinana komai ba bai duba tsarin farko ba. A ranar 24 ga Oktoban 2024 hukumar BLM ta ba da izini, bayan hukumar namun daji ta yanke cewa aikin ba zai jefa rayuwar furen cikin haɗarin ƙarewa ba. Shi ne ramin litiyam na farko da gwamnatin Biden ta amince da shi. Sai dai takardun gwamnatin da kansu sun nuna aikin zai cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na eka 910 ɗin da aka keɓe, kuma a wasu wurare 'yan mitoci ne za su raba furen da aikin. Rami ne mai zurfin kusan mita 300, da manyan motoci dare da rana, da masana'antar sinadarin asid a gefe don narkar da dutsen. An yi alkawarin shinge, da yayyafa ruwa don kwantar da ƙura, da sa ido a kan ƙwarin, da sake shuka wuraren da aka lalata. Masu adawa suka ce an bar wa furen tsibiri ne a tsakiyar rami. Ƙura idan ta kwanta a kan ganye tana toshe masa numfashi, in ta kwanta a kan fure ƙudan zuma ya rage zuwa. Ba a kashe ka ba, amma an rushe unguwarku an bar ɗakinka a tsaye.

Kwana bakwai bayan izinin, ƙungiyar Center for Biological Diversity da wasu biyu suka shigar da ƙara a kotun tarayya. Ɗaya daga cikinsu ta 'yan ƙabilar Shoshone ta Yamma ce, 'yan asalin yankin, waɗanda ke da nasu ƙorafin daban. Akwai wani marmaro kusa da wurin mai suna Cave Spring da suke ɗauka da tsarki, kuma suna tsoron zuƙe ruwan ƙasa zai ƙafar da shi. A hamada, maganar ruwa ba ta taɓa zama ƙarama, manoman kwarin Fish Lake da ke kusa ma da ruwan rijiya suke noman ciyawar dabbobi.

Akwai kuma batun amana. A Janairun 2023, wata ɗaya bayan an sa furen a jerin, BLM ta rubuta wa kamfanin takardar keta haddi saboda an ajiye kayan haƙa a cikin filin da aka keɓe. Kamfanin ya amsa kuskuren, ya ce ba a taɓa furen ko ɗaya ba. A wannan watan dai aka ga shanu suna kiwo a cikin mazaunin, da izinin kiwo na gwamnati. Ƙananan abubuwa ne, amma suna nuna wahalar tsaron fili a wurin da jami'i zai yi tafiyar sa'o'i kafin ya iso. Tsarin da aka amince da shi ya ɗora yawancin kulawar yau da kullum a wuyan kamfanin. Ba na cewa an ba kura ajiyar nama, don kamfanin yana da dalilin kula da furen fiye da kowa, tunda izininsa a kansa ya rataya. Amma kamfanoni na canza hannu, suna karyewa, suna tafiya. Nevada cike take da garuruwan haƙar da suka zama kufai. Goldfield, hedikwatar ita wannan gunduma, ta taɓa zama gari mafi girma a jihar a farkon ƙarni na ashirin, yau 'yan ɗaruruwa ne a cikinta.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, mutanen da suka gama da yunwa suka koma shari'a a kan ciyawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai litiyam ɗin da ake faɗa a kansa a Nevada shi ne ake tonowa yanzu a Nasarawa da Kaduna da Kwara. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa, a ƙarshen shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aiki a ramukan da ba su da lasisi a ƙauyen Pasali da ke jihar. Mu tambayarmu ta fara ne daga ran ɗan'adam, kuma haka ya kamata, wanda ya tuna gubar dalma a Zamfara a 2010 ba zai yi musu ba. Najeriya ma tana da dokar auna illar aiki ga muhalli tun 1992. Abin da ya ba ni sha'awa a labarin Nevada shi ne daga inda ƙarfin ya fito. Da Tiehm bai tsaya ya tsinki wannan ganye a 1983 ya matse shi a takarda ba, da Reveal bai ba shi suna ba, da ba a aika mutane sun durƙusa a rana suna ƙirga shi ba, babu lauyan da zai sami abin riƙewa. Katafila za ta bi ta kansa, ba wanda zai ce an yi asara, don ba wanda ya san akwai shi. Aikin da ya fi kowanne rashin armashi, na mai yawo da jaka yana tara ganye, shi ya tilasta wa aikin biliyoyin daloli sake zane.

Wani ɗan'uwan furen Tiehm a Kaliforniya, na dutsen Diablo, an daina ganinsa tun 1936 har aka fitar da rai, sai a 2005 wani ɗalibi mai suna Michael Park ya ci karo da 'yan tsiraru a gefen dutsen. Masu son haƙa kan ji daɗin irin wannan labari, su ce ai tsirrai na da taurin rai. Amma wancan ya dawo ne don dutsensa na nan, a cikin gandun da gwamnatin jiha ke karewa. An bincika tuddan da ke kewaye da Rhyolite Ridge masu irin wannan farar ƙasa, ba a sami wani ɓoyayyen garken furen Tiehm ba.

Ta fuskar kuɗi kuwa, labarin ya yi wata irin juyawa. A Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin Biden ya sauka, ma'aikatar makamashi ta kammala yarjejeniyar ba aikin rancen dala miliyan 996, sama da miliyan 700 da aka fara alkawari a 2023. Amma farashin litiyam, wanda ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2022, ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, saboda an buɗe ramuka da yawa a duniya kuma cinikin motocin lantarki bai yi saurin da aka zata ba. A Fabrairun 2025 kamfanin Sibanye-Stillwater na Afirka ta Kudu, wanda ya yi niyyar zuba dala miliyan 490 ya karɓi rabin aikin, ya janye. Ioneer ya koma neman sabon abokin hulɗa. Jinkirin da shari'a ba ta samar wa furen ba, kasuwa ta ba shi, ba don tana ƙaunarsa ba.

Akwai kuma maƙiyin da ba ya cikin ƙarar. Wata ciyawa ce mai suna halogeton, 'yar asalin tsakiyar Asiya, wadda aka fara gani a Amurka a Nevada a 1934. Tana son ƙasar da aka tone, tana jure gishiri, tana kashe tumaki in sun ci da yawa. Tana zuƙo gishiri daga ƙasa ta tara a ganyenta, in ganyen ya bushe ya zuba sai saman ƙasar ya ƙara gishiri, irin wasu tsirran ya kasa tsirowa. Farar ƙasar da ta kare furen Tiehm daga sauran ciyayi ba ta hana wannan shiga ba. Ta bi hanyoyin da motocin binciken ma'adinai suka fasa, kuma lokacin da hukumar namun daji ke rubuta hukuncinta na 2022, ta riga ta same ta a cikin gungun furen, a wasu wuraren tana gogayya da shi wajen yawa. Maganin feshi ba ya yiwuwa a kusa da tsiron da ake ƙirga shi ɗaya-ɗaya, don haka da hannu ake cire ta, kafin ta zubar da iri.